Na'urar MRI da Ƙarfe: Ina Gaskiya, Ina Shaci-Faɗi?

A watan Yulin 2025, wani mutum mai shekara 61 ya rasu a jihar New York ta Amurka, bayan na'urar hoton MRI ta fizge shi ta wata ƙatuwar sarƙar ƙarfe da ke wuyansa. Irin wannan labari kan jawo maganganu barkatai, har wasu majinyata su guji hoton da likita ya rubuta musu. Bari mu tace su ɗaya bayan ɗaya.

An ce na'urar tana fizgar ƙarfe. Gaskiya ne. Mayen ƙarfen da ke cikin yawancin waɗannan na'urori ya ninka na duniyarmu ƙarfi sau dubun dubata. A 2001 ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 a kai, a wani asibitin New York, yaron ya rasu. A 2018 ma, irin wannan tukunya ce ta yi ajalin wani mutum a birnin Mumbai na Indiya.

An ce in ba a ɗaukar hoto, ko an ɗauke wuta, babu haɗari. Ƙarya ce, kuma ita ce mafi muni. A yawancin na'urorin, ruwan heliyam mai tsananin sanyi yana sa mayen ƙarfen ya zauna a kunne dare da rana.

An ce tana zuƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin jini. Ƙarya ce. Wannan sinadari bai da yawan da za a ja shi, kuma yanayinsa daban yake da na ƙusa.

An ce duk mai ƙarfe a jiki ba zai shiga ba. Wannan rabin gaskiya ce. Ƙarfen titaniyam da ake ɗaure karaya da shi galibi ba ya hana hoton, kuma akwai na'urorin daidaita bugun zuciya na zamani da aka ƙera domin su jure MRI bisa sharuɗɗa. Amma ɓarɓashin ƙarfe a idon mai walda, ko ragowar harsashi a jiki, na iya motsawa ya yi ɓarna.

Saboda haka, majinyaci da ɗan rakiya duka ku ajiye makulli, waya, agogo, 'yan kunne da allurar hijabi a waje, ku kuma faɗa wa ma'aikaci kowace tiyata da aka taɓa yi muku kafin ku taka ƙofar ɗakin.