Abin da Ya Haɗa Maganin Hawan Jini da Ciwon Daji

Idan bazara ta kankama a Boɗinga ko Shagari, mutum ya yini yana zubar da gumi bai sha ruwa ba, ƙodarsa ce ke fara ankara. Sai ta saki sinadarin renin, wanda Robert Tigerstedt ya gano a ƙodar zomo a 1898. Renin yakan yanka wani furotin da hanta ke yi, a huhu a ƙarasa aikin, a samu anjiyotensin. Shi ke tsuke jijiyoyin jini, ya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Lisinopril da losartan da masu hawan jini ke saye a kemis, wannan hanya suke tarewa.

To, ƙarin daji ma yana cin moriyar anjiyotensin. Ƙari ba ya girma sai da jini, shi kuwa sinadarin yana zuga tsirowar sababbin jijiyoyi da za su shayar da shi. Yana kuma sa naman da ke kewaye da ƙarin ya yi tauri kamar ganuwa, ya matse hanyoyin jini, har maganin da aka ɗura wa majinyaci ya kasa kutsawa ciki.

A 1998 likitoci a Gilasgo suka lura cewa masu shan dangin lisinopril ba su kamu da daji kamar sauran ba. A 2010 wani nazari ya zo da akasin haka game da dangin losartan, hankula suka tashi, sai hukumar magunguna ta Amurka ta bincika a 2011 ta ce babu ƙarin haɗari. A Boston, Rakesh Jain da abokan aikinsa sun nuna a jikin ɓeraye cewa losartan yana sassauta wannan taurin. A 2019 aka wallafa gwajin losartan tare da maganin daji kan mutum 49, sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa. Amma mutum 49 ba su isa hujja ba, kuma a ganina duk mai tallan ƙwayar hawan jini da sunan riga-kafin daji, kuɗinka yake so.

Ƙullutu a mama ko jini a fitsari, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato za a kai shi tun da wuri. Wanda za a fara wa maganin daji kuma ya gaya wa likita ƙwayar hawan jinin da yake sha, domin wasu magungunan dajin, irin su bevacizumab, da kansu suke hawar da jini.