Kuɗin Ban Ruwa a Kurfey: Tsakanin Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Da an sa gero a rumbu, hankalin manoman Kurfey da Imanan sai ya koma garake. A kwarin Dallol Bosso ruwa bai yi nisa da doron ƙasa ba, shi ya sa dankalin turawan Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. Sai dai ruwan ba ya hawowa da kansa, dole a biya shi da esansi, ko gas, ko lantarki. Inda kuwa kuɗi ke fita, magana ba ta ƙarewa. Ga maganganun da aka fi ji a Filinge da kewaye.

"Nijeriya ce ke riƙe da wutarmu har yanzu." Akwai gaskiya a tushen maganar, amma ta tsufa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa. An yanke shi a Agustan shekarar saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka janye takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo a Maris. Ɗauke wuta bi da bi da kamfanin lantarki na NIGELEC ke yi yana da nasa dalilin: idan buƙata ta zarce abin da tashoshi ke bayarwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, dole a sauke wa layi nauyi, in ba haka ba duka ya faɗi. Ban da haka, yawancin garaken kwarin da injin mai suke aiki, don haka farashin lita ya fi taɓa su.

"Kwantar kati ta fi cin kuɗi." Ba haka ba ne. Ko ta kati ko ta takardar wata, kilowat-awa ɗaya suke ƙirgawa. Bambancin kawai, mai kati yana kallon kuɗinsa na raguwa a gaban idonsa. Abin tsoro na gaske shi ne wuta mai rauni: motar famfo ta yi ta gurnani, ta yi zafi, wayarta ta ƙone. Idan fitila ta dushe, a kashe famfo. Idan wuta ta dawo, a ɗan jinkirta kafin a tayar, domin mota na jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi.

"Babban inji ya fi sauƙin mai." Wannan ce ta fi cutar da mutane. Aikin ɗaga ruwa lissafi ne: yawansa da tsawon da zai hau. Ɗaga lita 1,000 zuwa mita 10 bai kai kashi uku cikin ɗari na kilowat-awa ba a ƙa'ida. Abin da ya ƙaru a kai asara ce a inji da tiyo. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa fiye da mita 7 zuwa 8, kome girmansa. Shi ya sa gogaggun masu garka ke haƙa rami su saukar da shi kusa da ruwa. Siririn tiyo mai tsawo, ga lanƙwasa, ga huda an ɗaure da roba, yana sa inji shan mai sosai. Bututun da ake binnewa, wanda ake kira kaliforniya, yana rage wannan ɓarna.

"Mai ya yi arha, matsala ta ƙare." A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Gaskiya ne. Amma wannan farashin gidan mai ne, ba na mai kwalba a ƙauye ba, kuma ƙarancin man da aka sha a Maris 2025 ya nuna cewa arha ba ta da amfani in babu.

"Ana iya juya inji ya koma gas." Gaskiya ne, manoma da yawa a Nijar sun yi. A ba gwanin makaniki, a nisanta tukunyar daga zafin inji, a riƙa gwada mahaɗa da ruwan sabulu.

"Hasken rana kyauta ne." Ranar kyauta ce, faranti da famfo ba kyauta ba. Kuɗin a farko ake zuba su gaba ɗaya. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti, sai ana gogewa. Maimakon batir mai tsada, a gina tankin siminti a tara ruwa da rana, a shayar da yamma ko da sassafe, lokacin da rana ba ta shanye shi sosai.

"Kandaji na zuwa, a jira." An tsara madatsar ruwan Kandaji ta ba da megawat 130, an aza tubalinta tun 2008, aikin bai kammala ba. Ko ta kammala, sai an ja layi zuwa bakin garka.

Kafin noman ranin bana, mai garka ya auna zurfin ruwansa da igiya, ya rubuta litar da yake ƙonawa kowane mako, ya canza tiyon da ke yoyo. Da wannan lissafi a hannu ne zai san ko gas, ko rana, ko injinsa na yanzu ya fi masa riba.