Buganda: Sarautar da aka soke da doka amma ta ƙi gushewa

A ranar 24 ga Mayun 1966, Shugaban ƙasar Uganda Milton Obote ya tura sojoji ƙarƙashin jagorancin Idi Amin suka afka wa fadar Sarkin Buganda da ke Mengo, a birnin Kampala. Sarkin, Kabaka Mutesa na II, wanda shi ne shugaban ƙasa na farko bayan samun 'yancin kai, ya sha da ƙyar, ya yi gudun hijira zuwa Landan, inda ya rasu a 1969. Kundin tsarin mulkin 1967 ya soke dukkan masarautun ƙasar. Amma a ranar 31 ga Yulin 1993 aka naɗa ɗansa, Ronald Muwenda Mutebi na II, a matsayin Kabaka na 36.

Abin da ya riƙe sarautar a waɗancan shekaru shi ne tsarin dangi. Al'ummar Baganda sun kasu zuwa dangi sama da 50, kowane da shugabansa, da dabba ko tsiron da ya haramta wa kansa ci, da kuma aikin da ya gada a fada. Dangin Ngonge, alal misali, su ne masu sarrafa ɓawon itace ya zama tufafin sarauta. Kabaka kuwa shi ne Ssaabataka, wato shugaban shugabannin dangi. Sojoji sun mamaye fada, amma babu dokar da za ta raba mutum da danginsa.

Masarautar ta daɗe da tsarin mulki mai ƙarfi: akwai Katikkiro, wanda ke matsayin waziri, da majalisar Lukiiko. Fataken Zanzibar ne suka kai Musulunci fadar a wajajen 1844, kafin zuwan 'yan mishan a 1877. A 1890 Frederick Lugard, wanda daga baya ya kafa mulkin mallaka ta hannun sarakuna a Arewacin Najeriya, ya ƙulla yarjejeniya da Kabaka Mwanga na II. Wata yarjejeniyar ta 1900 ta raba ƙasar noma tsakanin gwamnatin mallaka da sarki da hakimansa, tsarin da ake kira mailo, wanda har yau yake haddasa rikici tsakanin masu filaye da mazauna cikinsu.

Sarautar da gwamnatin Yoweri Museveni ta maido ta al'ada ce kawai. Kundin 1995 ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Shi ya sa fadar Mengo ba ta daina neman federo ba, wato tsarin tarayya irin wanda Buganda ta samu a 1962, tare da dawo mata da filayen da aka ƙwace. Lokacin da gwamnati ta hana Kabaka ziyartar yankin Kayunga a Satumbar 2009, tarzoma ta ɓarke a Kampala, aka rasa rayuka da dama.

A Maris ɗin 2010 gobara ta cinye hubbaren Kasubi, inda sarakuna huɗu ke kwance. Talakawa suka yi karo-karo, masu aikin gado suka sake rufa ginin da ciyawa, kuma a 2023 UNESCO ta cire shi daga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Batun federo da na filaye dai har yanzu suna gaban gwamnatin Kampala.