Mutumin da ya Rubuta Littafi da Ƙiftawar Ido

A ranar 8 ga Disamba, 1995, Jean-Dominique Bauby, babban editan mujallar Elle ta ƙasar Faransa, ya gamu da toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa yana da shekara 43. Da ya farfaɗo daga doguwar suma bayan kimanin makonni 3, sai ya tarar yana ji, yana gani, yana tunani sarai, amma babu abin da yake iya motsawa yadda yake so sai fatar idonsa na hagu. Wannan shi ne ciwon kullewa cikin jiki, sunan da likitoci biyu na Amurka, Fred Plum da Jerome Posner, suka raɗa masa a 1966.

Ɗalibin da ya karanta darasin jijiyoyi zai tuna cewa tsakanin ƙwaƙwalwa da laka akwai wani kututture da bai wuce babban ɗan yatsa ba. A tsakiyarsa akwai sashen da masana suke kira pons, wato gada da harshen Latin. Ta gaban gadar nan ne duk umarnin motsi yake bi ya sauka zuwa hannu da ƙafa da harshe da maƙogwaro. Jijiyar jini guda, mai suna basila, ita ce take shayar da wurin. Idan gudan jini ya toshe ta, gaban gadar sai ya mutu, umarni ya rasa hanya.

To, me ya sa hankali bai gushe ba, ido kuma ya tsira? Amsar tana cikin tsarin wurin. Jijiyoyin da suke tayar da mutum su riƙe shi a farke ta bayan gadar suke bi, haka nan waɗanda suke kai saƙon ji da taɓawa zuwa sama, saboda haka ɓarnar ba ta cika kai musu ba. Cibiyar ɗaga fatar ido da duban sama da ƙasa kuwa tana sama da gadar baki ɗaya. Ke nan majinyacin yana jin ƙudan da ya sauka a fuskarsa, sai dai ba shi da hannun kora.

A ganina, tashin hankalin ciwon nan bai kai na rashin gane shi ba. Mutum ne kwance ba motsi, ba magana, kowa ya ɗauka suma yake yi, ana tattauna makomarsa a kansa yana saurare. Wani bincike da aka buga a 2002 kan majinyatan Faransa ya nuna cewa a matsakaicin lissafi sai an yi kwana 78 kafin a gane ciwon, kuma a fiye da rabin majinyatan, dangi ne suka fara lura da cewa akwai hankali, ba likita ba. Gwajin kuwa ba ya bukatar na'ura: a kira sunan majinyaci, a ce ya dubi sama, sa'an nan ya dubi ƙasa, a maimaita. Idan ido ya bi umarni, to, akwai mai gida a ciki.

Daga nan magana take farawa. A asibitin garin Berck, a bakin teku, aka shirya wa Bauby haruffa bisa yawan amfaninsu a Faransanci, harafin E a kan gaba. Wata mata, Claude Mendibil, tana karanto su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙifta ido idan an zo kan wanda yake so. Da safe yakan tsara jimlolinsa a ka, ya haddace su kafin ta iso. Da haka ya kammala littafinsa, Le Scaphandre et le Papillon, wanda ya fito a watan Maris na 1997. Ciwon huhu ya ɗauke shi ranar 9 ga watan, kwana 2 bayan fitowar littafin.

Huhu ne babban abin tsoro a watannin farko, domin wanda ba ya iya haɗiya ko tari, yawu da majina sukan sulale masa cikin ƙirji. Shi ya sa ake huda maƙogwaro a sa bututun numfashi, a ciyar da shi ta roba, a riƙa juya shi don kada fata ta gyambace. Wanda ya haye wannan siraɗi yakan daɗe. Wani nazari na 2003 a Amurka, wanda ya bi majinyata 29, ya sami kashi 83 cikin 100 suna raye bayan shekara 10.

Warkewa sumul ba ta da yawa, kada mu yaudari kanmu. Galibi abin da yake dawowa ɗan kaɗan ne: motsin kai, ko yatsa guda, wanda ya isa a danna maɓallin kwamfuta ko a tuƙa keken guragu mai lantarki. Amma akwai waɗanda suka tashi. Kate Allatt, 'yar Ingila mai 'ya'ya 3, ta kamu a 2010 tana da shekara 39, kuma da naci wajen motsa gaɓoɓi kullum ta koma tafiya da magana. Ƙwayoyin da suka mutu ba su dawo ba. Waɗanda suka rage ne suka koyi ɗaukar aikin, kuma sai da maimaici mai gajiyarwa suke koyo.

Mu masu lafiya mukan yi saurin yanke hukunci cewa irin wannan rayuwa ba ta da daɗi. A 2011 masana a jami'ar Liège ta Beljiyam suka tambayi masu ciwon su da kansu. Daga cikin 65 da suka ba da cikakkiyar amsa, 47 sun ce suna cikin farin ciki, 18 suka ce ba sa ciki. Waɗannan 18 sun fi kokawa da fargaba, da rashin fita daga gida, da rashin dawowar magana.