Ƙiyasi da Ɗebewa a Takardar Harajin Amurka

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, da wuya ka zauna da 'yan Nijar mazauna Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, ku rabu ba a yi zancen haraji ba. Garin na cikin wuraren da mutanen Nijar suka fi taruwa a ƙasar, Zabarmawa da Hausawa, wasu a masana'antu da rumbunan ajiye kaya, wasu a tuƙin Uber, mata da dama kuma a shagunan kitso. Baƙo ya san tsakiyar garin da tsohon kantin Woolworth na titin Elm, inda ɗalibai huɗu baƙar fata suka yi zaman dirshan na ƙin wariyar launin fata ranar 1 ga Fabrairun 1960. Mai neman cike takardu kuwa ya fi sanin hanyar babban ɗakin karatu na titin Church, inda akwai kwamfuta da na'urar buga takardu.

A takardun nan akwai kalmar da ke yawan rikita mutane, wato deduction. Turanci na da aikatau biyu masu kama da juna. Deduce shi ne a gano abu ta hanyar bin hujja, deduct kuma a ɗebe wani adadi daga wani. Tushensu ɗaya a Latin, kuma idan aka zo ga suna sai su haɗu a kalma guda. Shi ya sa abin da Sherlock Holmes ke taƙama da shi a littafin Conan Doyle na 1887, da abin da kamfani ke zabtarewa daga albashinka ranar Juma'a, sunansu ɗaya.

Ma'anar farko ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wanda ya yi karatun zaure ya kai ga Sullam na Akhdari ya san ta da sunan ƙiyasi a ilimin mantiƙi: ka kafa muƙaddima biyu, natija ta fito daga cikinsu dole. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har jayayya ya yi da Suyuɗi kan halaccin wannan fanni, shi yana karewa, Suyuɗi yana hanawa. Abin da malaman mantiƙi ke nanatawa shi ne natija ba ta fin muƙaddimarta inganci. Tsarin ƙiyasi na iya zama lafiya lau, amma in muƙaddima ɗaya ta karkace, sakamakon ma ya karkace. Wannan ƙa'ida ce ke kama mutane a ma'ana ta biyu.

A fara da takardar albashi. Mai aikin dala 15 a awa, awa 40 a mako, ya san dala 600 ya yi wa aiki. Kafin kuɗin su shiga asusunsa an ɗebe kashi 6.2 cikin ɗari na fanshon gwamnati da ake kira Social Security, da kashi 1.45 na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. Dala 45 da santi 90 ke nan sun tafi. Sai harajin tarayya, sai na jiha, wanda a North Carolina kashi 4.5 ne a 2024, kowa da kowa. Wannan ɗebewar babu ciniki a cikinta.

Wadda ake faɗa a kanta ita ce ta lokacin cike takardar shekara. A nan gwamnati ke ware wani ɓangare na abin da ka samu ta ce ba za ta ɗora masa haraji ba. A shekarar 2024 gwauro yana da dala 14,600 da ake cire masa kai tsaye, ma'auratan da suka haɗa takarda kuma 29,200. Ga ƙiyasin da ake yawan ji a majalisa: an ce an cire mini dala 1,000, ke nan dala 1,000 za a mayar mini. Sam ba haka ba ne. Daga kuɗin da ake lissafa wa haraji aka cire, ba daga harajin kansa ba. Mutumin da ke matakin kashi 12 cikin ɗari, dala 120 kacal ya tsira da su. Wanda ke rage haraji dala da dala sunansa daban, credit, irin dala 2,000 da aka bayar kan kowane yaron da ya cika sharaɗi a wannan shekarar.

Ƙiyasi na biyu ya fi ciwo, domin ya taɓa zumunci. Mutum zai ce: duk wanda nake ciyarwa yana ƙarƙashina; ni ke ciyar da gyatuma a Maradi; saboda haka in sa sunanta a takarda. A al'adarmu muƙaddimar farko gaskiya ce tsantsa. A dokar hukumar haraji ta IRS kuwa, wanda za ka lissafa a ƙarƙashinka sai ya kasance ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Kuɗin da kake turawa gida duk wata, komai yawansu, ba a cire su. Zakkar da ka miƙa wa mabuƙaci hannu da hannu ma haka. Wadda ka ba masallaci mai rajista a matsayin ƙungiyar agaji tana iya shiga lissafi, amma a ƙa'idar 2024 sai in ka haƙura da cirewar kai tsayen nan ka zaɓi jero abubuwan da ka kashe ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙaramin ma'aikaci da wuya jimillarsa ta kai 14,600. Ni dai ina ganin dokar ba ta san yadda gidan Bahaushe yake ba, amma ita ce a rubuce.

Direban da ke aikin kansa shi ke da faɗi. Ba a ɗebe masa komai a mako, amma kashi 15.3 na Social Security da Medicare na jiransa, nasa da na uban gidan da ba shi da shi. A madadin haka an yarda ya cire santi 67 kan kowane mil da ya yi domin aiki a 2024. Mil 10,000 dala 6,700 ke nan. Sharaɗin shi ne rubutu: rana, nisa, dalilin tafiya. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya wadatar. Ma'aikacin kamfani mai karɓar takardar W-2 ba shi da wannan dama, kuma kai-komo tsakanin gida da wurin aiki ba ya shiga lissafin kowa.

A wannan giɓin masu cike takarda marasa amana ke cin kasuwa. Za ka ji ana cewa wane ya iya, yana samo wa mutane kuɗi da yawa. Sau tari abin da ya iya shi ne ƙirƙiro muƙaddima: sana'ar da babu ita, man fetur da ba a sha ba, ɗan maƙwabci ya zama naka. Lissafin zai fito tsaf a kwamfuta. In bincike ya zo, wanda sunansa ke kan takardar shi zai mayar da kuɗin, da tara da kuɗin ruwa a kai, kuma mai neman zama ɗan ƙasa zai tarar ana tambayar tarihin harajinsa. Doka ta wajabta wa duk wanda aka biya ya cike takarda ya sa hannu, ya rubuta lambar shaidarsa ta IRS, wato PTIN. Masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai shirin VITA na IRS, inda 'yan sa-kai da aka horar ke cikewa kyauta; sai dai a tafi da takardar abin da aka samu, W-2 ko 1099, katin shaida, da katin Social Security na duk wanda za a rubuta.