Askin Itace: Abin Da Unguwar Shanu Za Ta Koya Daga Mutanen Japan

Duk wanda ya san Unguwar Shanu, a nan Kaduna ta Arewa, ya san yadda gidaje su ka haɗe har filin tsakar gida ya zama abin nema. In mai gida ya so ƙara ɗaki, ko reshen mangwaro ya fara gogar kwano, gatari a kan fara aikawa a aro. Itacen da ya shekara talatin yana ba da inuwa sai ya kwanta cikin yini ɗaya, sa'an nan in bazara ta kama, wajen Maris da Afrilu, a rasa inda za a shimfiɗa tabarma. Mu dai a ganinmu, yawancin itatuwan nan aski kawai su ke bukata. Domin a ga iyakar abin da aski ke iya yi wa itace, bari mu kai masu karatu ƙasar Japan.

Japanawa suna da wata sana'a da su ke kira bonsai, watau shuka cikin kasko. Su kan ɗauki irin itacen da a dawa ya kan fi soro tsawo, su rene shi cikin kasko har ya tsufa, amma tsawonsa bai wuce ƙafa biyu ko uku ba. Daga ƙasar Sin su ka koyo, domin an sami hoton irin shukar nan a bangon kabarin wani ɗan sarkin Sin na shekarar 706. Bayan girgizar ƙasa ta 1923 masu sana'ar na Tokyo su ka ƙaura zuwa Omiya, su ka kafa unguwarsu a 1925. Akwai wani itacen kasko da a ke reno tun 1625, yana birnin Hiroshima ranar da a ka jefa bam a 1945, ya tsira, a 1976 a ka ba Amurka shi kyauta, a ka ajiye a birnin Washington.

Cikin itatuwan da su ka fi so akwai wanda su ke kira momiji, Turawa kuwa su ce mepul. Ganyen ɗan'uwansa ne a jikin tutar Kanada. Ganyensa kamar tafin hannu ya ke, da yatsu biyar ko bakwai, in sanyi ya ƙarato sai ya rine ja wur kafin ya zube.

To, ga yadda a ke renonsa. Da fari a kan dasa shi a ƙasa ko a babban mazubi, a ƙyale shi 'yan shekaru ya yi kauri. Sa'an nan a datse shi ƙasa ƙasa, a zaɓi toho ɗaya ya zama sabon kai. In an yi haka sau biyu ko uku, sai gindin ya fito da kauri, sama ta tsuke, kamar na tsohon itace. Momiji kuwa bibbiyu ya ke fid da idon toho, ɗaya daura da ɗaya. Saboda haka in sabon reshe ya miƙe, a kan yanke shi a bar ganye biyun farko, daga nan rassa biyu su fito, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Inda uku su ka fito wuri ɗaya a kan cire ɗaya, don kada wurin ya yi ƙulu. Manyan rassa kuwa ba a taɓa su a ƙarshen sanyi, lokacin da ruwan itacen ke hawa, domin yankan zai yi ta tsiyaya. Sai ganye ya zube, ko tsakiyar lokacin zafi.

Bayan shekara biyu biyu a kan zare ƙaramin itace daga kasko, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na saiwarsa, a sake masa ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa. Rassa kuma a kan naɗe su da waya a karkata su inda a ke so, a kwance kafin wayar ta ci ɓawo. Nan ne maganar nan ta Hausawa ta tabbata, cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Amma kada wani ya yi asarar kuɗinsa wajen neman momiji. Itacen ƙasar sanyi ne, tilas ya sami 'yan watanni na sanyi mai tsanani ya yi barci, abin da babu shi a Kaduna, iskar hunturu kuwa ƙone masa ganye za ta yi. Allah ya ba mu namu. Cediya da durumi, waɗanda ko reshe a ka kafa su kan kama, suna jure aski ƙwarai. Tsamiya ga ta da ƙananan ganye tun asali. Kuka ma mutanen Afirka ta Kudu sun daɗe suna renonta cikin kasko, sai dai in ta zub da ganye da rani a kan daina ba ta ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. Wanda gidansa ba shi da fili, ga hanyar da 'ya'yansa za su san kuka da tsamiya da idonsu.

Kada kuma a ce ilmin askin itace na baƙi ne. A ƙasar Maradi, tun daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurarrajin da ke cikin gonaki tohon kututturen itatuwa ne masu rai. Manoma su ka shiga zaɓen toho mai ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, suna yanke sauran. Su ka sa wa aikin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 su ka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a Maradi da Damagaram. Da manomin Maradi da mai kaskon Omiya, ƙa'idarsu ɗaya ce: a san abin da za a bari kafin a ɗaga wuƙa.

Ita ce kuma ƙa'idar mai mangwaro ko darbejiya a tsakar gida. A fara da busassun rassa da masu gogar juna, sa'an nan waɗanda su ka nufi kwano. Babban reshe a fara tsaga shi ta ƙasa kafin a yanka ta sama, don kada ya faɗi ya yage ɓawon itacen. Kada a bar dogon dungu, kada kuma a yanke tudun nan da ke gindin reshe, domin da shi itace ke rufe rauninsa. Kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa a shekara guda. Mangwaro sai an gama cin 'ya'yansa a ke yi masa aski. Reshen da ya taɓa wayar lantarki kuwa, a bar wa ma'aikatan lantarki, rai ya fi inuwa.

Muna roƙon masu unguwa da limamai da malaman makaranta su riƙa jan hankalin jama'a a kan wannan. Zarto da almakashi ba su da tsada, amma inuwar shekara talatin ba a sayenta a kasuwa. Allah ya sa mu gane, amin.