Bakin Ƙugiya da Yatsun Ma'aikaci a Tsakiyar Teku

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu bar tudu mu nufi teku, inda ake haƙar man fetur, domin mu duba wani ƙarfe da ke lilo a ƙarshen igiyar injin ɗaga kaya, wato ƙugiya. A gida mun san ta da ciro guga idan ya faɗa rijiya. A teku kuwa, ita ce ke ɗaukar kwantena mai nauyin tan da yawa, kuma ita ce ke raba ma'aikata da yatsunsu. Ku biyo mu.

(Kiɗa ya sauka)

Kusan duk abin da ake buƙata a dandamalin haƙar mai, daga bututu da siminti har zuwa shinkafar da ma'aikata za su ci, jirgin ruwa ne ke kai shi. Haka ake yi a Tekun Arewa, inda jiragen kan tashi daga Aberdeen ta Sikotland ko Stavanger ta Norwe. Haka kuma ake yi a Najeriya, inda suke lodi a tashar Onne kusa da Fatakwal su nufi rijiyoyi irin su Bonga, mai nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, wadda ta fara fitar da mai a shekarar 2005.

Idan jirgi ya iso, ba ya samun inda zai jingina. Yana tsaye ne a kan ruwa, raƙuman teku suna ɗaga shi suna sauke shi. Direban inji yana can sama a ɗakinsa na gilashi, mai ba shi alama yana riƙe da rediyo, shi kuma mai ɗaure kaya yana kan jirgi yana jiran ƙugiya ta sauko. Aikinsa ya kama ta, ya buɗe bakinta, ya saƙala zoben igiyoyin kwantena, ya rufe, ya matsa gefe. A faɗe abu ne mai sauƙi. Sai dai ƙugiyar tana lilo, ƙasan da ya taka yana motsi, safar hannunsa ta jiƙe da ruwan gishiri da maiƙo. Da zarar jirgi ya nutsa cikin kwarin raƙumin ruwa, igiyar da take sake a yanzu sai ta miƙe tsaf cikin ƙiftawar ido. Yatsan da yake tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wannan lokaci ya tafi ke nan.

Hannun ɗan Adam ƙasusuwa 27 ne, ga jijiyoyi sirara da suka ratsa su. Likita kan iya ɗinke wasu, amma sau da yawa hannun ba ya komawa yadda yake. Ga wanda da hannu yake ci da iyalinsa, wannan babbar asara ce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, masu sauraro, ina ainihin tarkon yake?

Tsohuwar ƙugiya bakinta a buɗe yake, kamar ta mahauta. Igiya na yin sake, kaya na iya zamewa. Sai aka sa mata 'yar sakata mai sifirin, wadda ke rufe bakin. Ta taimaka, amma tana da rauni: siririn ƙarfe ce mai saurin lanƙwasa, kuma idan igiya ta naɗo ta kan tsinin ƙugiyar, tana iya danne sakatar ta fice da kanta. Ban da haka, dole mutum ya tura ta da babban yatsa, hannunsa na cikin bakin.

Daga nan aka ƙero ƙugiya mai kulle kanta. Ita sakatarta ƙaƙƙarfa ce, kuma nauyin kayan ne ke rufe ta. Muddin kaya na rataye, ba za ta buɗe ba. Idan an sauke, sai a danna wata 'yar kunama a bayanta, kamar ta bindiga, bakin ya wangale. Wannan ta magance faɗuwar kaya ƙwarai, shi ya sa ta zama ruwan dare a ayyukan teku. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙarfin da ke rufe bakin don kada kaya su faɗo, shi ne dai ke datse yatsan da ya yi jinkirin fita. Ma'aikaci kan riƙe jikin ƙugiyar da hannu ɗaya, ya danna kunama, ya tura zobe da ɗaya hannun, yatsunsa duk suna kewaye da wurin da sakata ke haɗuwa da tsini.

Shekara da shekaru maganin da ake bayarwa shi ne gargaɗi: a kula, a sa safar hannu, a lura da inda aka ɗora yatsa. Idan abu ya faru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gargaɗi na da amfani, amma mutumin da ya yi awa goma sha biyu yana aiki cikin sanyi da iska, dole wata rana hankalinsa ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya. Safar hannu kuwa tana kare ƙujewa da yanka, ba ta iya tare nauyin tan biyar.

Ku leƙa maƙera. Ba a taɓa ce wa ɗan koyo ya yi hattara sa'ad da zai ɗauki ƙarfe mai zafi da hannu ba. Awartaki ake miƙa masa. Irin wannan tunani ne injiniyoyi suka koma kansa: a gyara ƙarfen yadda hannu ba shi da abin da zai je yi a bakinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Gyara na farko shi ne mariƙi. Kamfanin Nautilus na Aberdeen yana ƙera ƙugiya mai mariƙi a bayanta, kamar na buta. Ma'aikaci zai riƙe can, ya buɗe daga can da hannu ɗaya, jikin ƙarfen ya shiga tsakanin yatsunsa da bakin. Wasu kamfanonin ma sun sa wa ƙugiyoyinsu masu kulle kansu mariƙi.

Na biyu, an nutsar da kunamar cikin jikin ƙugiya, don kada ta bugi gefen kwantena ta buɗe ba da niyya ba, tare da barin isasshen wurin da mai safar hannu zai iya dannawa.

Na uku ya fi nisa. Kamfanin Elebia na Barcelona a ƙasar Sifaniya yana yin ƙugiya mai maganaɗisu, wadda ke jawo zoben kaya da kanta, a rufe ta ko a buɗe da rimot daga nesa. Tana da tsada, tana kuma buƙatar cajin batir, amma mutum ba ya ma kusantar kayan.

Ga kuma ƙananan kayan aiki masu arha: igiyar jan linzami da ake ɗaura wa kaya don a juya su daga nesa, da doguwar sanda mai kan roba da ake tura su ko jawo su da ita. A dandamali da yawa ƙa'ida ita ce, kayan da ke rataye ba a taɓa su da hannu.

Ƙugiya komai kyanta tana tsufa. Dokar Birtaniya ta 1998 kan aikin ɗaga kaya ta wajabta ƙwararre ya binciki ƙugiyoyi da sarƙoƙi da igiyoyin ɗaure kaya aƙalla duk wata 6. Ƙa'idar injiniyoyin Amurka kuma ta ce a ajiye duk wadda ƙarfenta ya cinye fiye da kashi 10 cikin 100. Wadda ta tsage ko bakinta ya buɗe fiye da kima, ba a yi mata walda ko a buga ta da guduma a mayar. Yar da ita ake yi. Kowace kuma tana da iyakar nauyin da aka buga a jikinta.

Masu sauraro, ko da ba ku taɓa ganin teku ba, irin wannan ƙugiya na nan a wuraren gini, da tashoshin sauke kwantena, da garejin da ake ciro injin tirela. Ga masu kamfani muna cewa, idan za ku sayi ƙugiya, ku tambayi inda ma'aikaci zai riƙe ta kafin ku tambayi kuɗinta. Kai kuma ɗan'uwa mai ɗaure kaya, duba sakata kafin ka fara aiki, riƙe ƙugiya ta baya, kada ka ba direba alamar ɗagawa sai hannayenka biyu sun bar ƙarfe. Idan ka ga ta lalace, ka tsayar da aiki ka faɗa.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah Ya kare masu nema a tudu da teku, Ya mayar da kowa gida da yatsunsa goma. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)